Amanar Kalmar Sirri a Hannun Masu Gina Shafukan Intanet

Yau zancenmu na matasan Sakkwato ne da ke gina wa makarantu da shaguna shafukan intanet, da yawansu ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Duk wanda ya shiga wannan sana'a, kalmomin sirrin mutane suna taruwa a hannunsa. Wasu a littafi suke rubuta su, wasu suna tura wa kansu ta WhatsApp, wasu kuma kalma ɗaya tak suke sawa ko'ina. Wannan na ƙarshe ya fi tayar mini da hankali, domin ranar da masu kutse suka samu kalmar a wuri guda, duk sauran ƙofofin sun buɗe.

Akwai manhajojin kyauta da aka yi domin adana kalmomin sirri, kuma rubutun da aka gina su da shi a fili yake, kowane masani zai iya bincikarsa. Biyu suka fi shahara.

Ta farko ita ce KeePassXC, wadda ta samo asali daga KeePass da Bajamushe Dominik Reichl ya fitar a 2003. Tana tara kalmominka cikin fayil guda a kulle, fayil ɗin kuma yana cikin kwamfutarka, babu kamfanin da ke riƙe da shi. Ba ta buƙatar data. A garin da netwok kan ɗauke ana tsakiyar aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai nauyin yana wuyanka: idan aka sace kwamfutar ko ta ƙone alhali ba ka ajiye kwafi a wani wuri ba, shi ke nan. Masu wayar Android suna buɗe fayil ɗin da KeePassDX, amma kai ne za ka riƙa kai shi can.

Ta biyu ita ce Bitwarden, wadda Kyle Spearrin ya fara a Amurka a 2016. Tana kulle kalmomin tun a wayarka, sannan ta aika da su rumbun kamfanin, ta yadda abin da ka adana a kwamfuta za ka same shi a waya. Wani zai ce, to in an fasa rumbun fa? Tambaya ce mai kyau, domin a 2022 ɓarayi sun kwashe kulallun rumbunan masu amfani da LastPass, wata manhajar kasuwanci. Waɗanda babbar kalmarsu, wato wadda ke buɗe rumbun, gajera ce su suka fi shiga haɗari. A ganina, mai aiki shi kaɗai ya riƙe KeePassXC, abokan aiki biyu ko uku kuwa Bitwarden ta fi musu sauƙi. Kowacce ka zaɓa, babbar kalmar ta zama doguwa, kuma in ka manta ta babu mai dawo maka da ita.

Sai kuma shafin da ka gina. Ɗan'uwa, kada ka ajiye kalmar sirrin masu shiga shafinka yadda suka rubuta ta. A niƙe ta da bcrypt, ko da Argon2 da ta lashe gasar masana a 2015. Kamar gero ne da aka kai inji: gari ba ya komawa tsaba, don haka ko an sace rumbun, ɓarawo sai ya sha wahalar cinke. Takardar tsaron da ke ɓoye abin da ke wucewa tsakanin shafi da mai ziyara kuma, Let's Encrypt na bayar da ita kyauta.

Kafin ka miƙa aiki, gwada shi da ZAP, wadda Simon Bennetts ya fitar a 2010. Tana kai wa shafin hari irin na masu kutse, ta nuna maka ɓarakar da ta gani. Nmap kuwa, tun 1997, aikinta duba ƙofofin da aka bari a buɗe a kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Amma ka yi amfani da su a shafinka kaɗai, ko wanda mai shi ya ba ka izini a rubuce, domin dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse. Ita kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da sunaye da lambobin ɗalibai ko abokan ciniki alhakin tsare su, har da makarantar unguwa da ta ba ka kwangilar.