Lauyan Shari'ar Aure da Bidiyon TikTok: Rigimar da Ɓangare Ɗaya Kawai Ke da Baki

Tun daga ranar 27 ga Janairun 2025 aka fara bai wa 'yan jarida damar ba da rahoton abin da ke gudana a dukkan kotunan iyali na Ingila da Wales, bayan gwajin da aka fara a Cardiff da Leeds da Carlisle a farkon 2023. An yi taka-tsantsan ƙwarai. Sai alƙali ya ba da izini a rubuce, ba a ambaton sunan yaro ko makarantarsa, ba a bayyana iyayensa. Shekaru aka kwashe ana ja-in-ja kafin a kai ga wannan matsaya. Abin takaicin shi ne duk shingen nan domin ɗan jarida mai katin aiki aka kafa shi, alhali mai hana lauyoyin iyali barci a yau wani ne daban. Uba ne, ko uwa, da ya fito daga kotu ransa a ɓace, ya shiga mota, ya jingina waya a sitiyari, ya kama sunan lauya yana zayyano zaluncin da ya ce an yi masa. Kafin lauyan ya koma ofis, dubban mutanen da ba su taɓa ganin takardar ƙarar ba sun riga sun yanke masa hukunci.

Wannan fargaba ta haifar da kasuwa. Kamfanoni na tallata wa ofisoshin lauyoyi aikin kare suna a intanet, suna alkawarin mayar da martani cikin gaggawa, da goge sharhi mara daɗi, da danne mugun labari har ya ɓace daga shafin farko na Google. Yawancin wannan asarar kuɗi ce, domin an ɗauki matsalar lauyan iyali kamar ta mai gidan abinci da aka ce miyarsa ta yi gishiri. Mai gidan abinci yana da damar ya fito ya kare kansa, lauya kuwa ba shi da ita.

A shari'ar saki da riƙon yara da kuɗin ciyarwa, da wuya kowa ya fita kotu yana murmushi. Wanda aka bai wa yara yana ƙorafin kuɗin ciyarwa ya yi kaɗan, wanda aka hana yana ganin an raba shi da jininsa. Kowace shari'a tana barin aƙalla mutum ɗaya mai jin haushin lauya, kuma sau da yawa mutumin ba shi ya ɗauki lauyan ba. Tsohon miji ne ko tsohuwar mata da lauyan ya titsiye da tambayoyi a gaban alƙali. Ofishin da ya yi aikinsa da kyau ma yana tara irin waɗannan maƙiya, har fiye da wanda ya yi sakaci.

Babban dalilin da ya sa bidiyo ke yi wa lauyan iyali illa fiye da sauran masu sana'a shi ne amanar sirri. A Janairun 2021 Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da matsaya mai lamba 496 a kan wannan batu, inda ta ce suka a intanet ba ta halatta wa lauya ya bayyana komai daga sirrin wanda ya kare ba, ko da sukar ƙarya ce tsagwaronta. Abin da aka bar masa kaɗan ne. Yana iya yin shiru, ko ya roƙi masu shafin su cire sharhin, ko ya nemi mai ƙorafin su yi magana a keɓe, ko ya rubuta cewa ƙa'idar aikinsa ta hana shi amsawa yadda yake so. Mai bidiyo yana da ikon cewa lauya ya ci kuɗinsa ya yi watsi da shi. Lauyan yana riƙe da takardun da ke nuna mutumin ya ɓoye dukiya, ko ya ƙi zuwa zaman kotu, ko gwajin ƙwaya ya kama shi, amma ba shi da ikon fito da ko shafi ɗaya. Masu kallo kuma suna fassara shirunsa da amsa laifi.

Waɗanda suka kasa haƙuri sun ɗanɗana kuɗarsu. A jihar Jojiya wata mata ta biya wata lauya dala 900 domin a raba aurenta, ta ga aikin yana jan ƙafa, ta sallami lauyar, sannan ta rubuta sharhi mai zafi a shafukan intanet. Lauyar ta hau shafin ta mayar da martani. Ta faɗi sunan matar, da wurin aikinta, da kuɗin da ta biya, da gundumar da aka shigar da ƙarar, ta ƙara da cewa matar tana da saurayi. A 2014 Kotun Ƙolin jihar ta tsawata wa lauyar a bainar jama'a. Sharhin matar zai iya nutsewa cikin dubban irinsa, amma hukuncin kotu yana nan a rubuce da sunan lauyar. Duk macen da ke neman wanda za ta gaya wa abin da ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, idan ta karanta shi ta san inda ba za ta je ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a wannan sana'a zurfin cikin shi ne jarin.

Tsarin shafukan ya ƙara dagula lamarin. A Amurka sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996 ya kare kamfanoni daga alhakin abin da masu amfani da su suka wallafa. A 2018 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta ce ba za a tilasta wa shafin sharhi na Yelp ya cire wani sharhi a kan wata lauya ba, duk da cewa ƙaramar kotu ta riga ta ayyana sharhin a matsayin ɓata suna. Ga kuma yanayin bidiyon kansa. Zaman kotu na awa shida ana yanko daƙiƙa arba'in daga cikinsa, daidai inda lauya ya ɗaga murya ko ya yi tuntuɓen harshe. Shari'ar Johnny Depp da Amber Heard a gundumar Fairfax ta jihar Virginia, daga Afrilu zuwa 1 ga Yunin 2022, ta nuna wa duniya yadda abin yake. Ƙarar ɓata suna ce, amma tushenta auren da ya mutu ne, kuma an haska ta kai-tsaye. Camille Vasquez, lauyar Depp, ta zama tauraruwa a TikTok, kuma kwanaki kaɗan bayan hukuncin ofishinta na Brown Rudnick ya ɗaga ta zuwa sahun masu hannun jari. Lauyoyin Heard kuwa sun sha ba'a, har wani likitan ƙwaƙwalwa da ya ba da shaida a ɓangarenta ya tarar mutanen da bai taɓa dubawa ba sun cika shafinsa da mugun sharhi. Ɗaukakar da faɗuwar duka sun fito ne daga gutsattsarin bidiyo, wanda ba ya auna ƙwarewar kowa.

Lauya idan aka taɓa shi kotu yake tunawa, amma sakamakon bai ba da ƙwarin gwiwa ba. Akwai nasara ɗaya da ake yawan kafa hujja da ita. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara a Filorida ta tabbatar da diyyar dala 350,000 ga wata lauyar saki, wadda matar da ta taɓa karewa da mijinta suka zarga a intanet da yin ƙarya a kan kuɗin aiki. Ta yi nasara ne saboda zargin na adadi ne da takarda za ta iya ƙaryatawa. A Las Vegas kuwa wata lauyar iyali ta yi ƙarar mai wata ƙungiya da ya wallafa bidiyon zaman kotun saki tare da sukar yadda ta yi wa alƙali magana. A 2020 Kotun Ƙolin Nevada ta ce halin lauya a gaban alƙali abu ne da ya shafi jama'a, bidiyon ya nuna abin da ya faru, sauran kalaman kuma ra'ayi ne. A Ingila ofishin Summerfield Browne ya samu diyyar fam 25,000 a farkon 2021 daga wani mutum da ya biya fam 200 sannan ya kira su 'yan damfara a shafin sharhi na Trustpilot. Labarin hukuncin na fita, jama'a suka yi wa shafin ofishin ruwan mugun sharhi har Trustpilot ya dakatar da karɓar sabo. Garin neman gira an rasa ido.

Hanyar bayan gida ma an toshe ta. Daga Oktoban 2024 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta haramta sayen sharhin yabo na bogi da kuma tsoratar da mai suka don ya goge abin da ya rubuta, tare da tarar da a 2024 take kaiwa dala 51,744 a kan kowane laifi. Ofishin da ya biya wani ya cika masa shafi da taurari biyar ya ƙara wa kansa matsala ta biyu.

Masu goyon bayan bidiyon suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Kotunan iyali sun daɗe a rufe, kuma a bayan ƙofar an sha samun lauyoyi masu jan shari'a don kuɗi ya taru, da masu raina matan da aka ci zarafinsu. Wasu daga cikin masu ɗaga waya gaskiya suke faɗi, kuma sun gwada hanyar ƙorafi ta hukuma ba a saurare su ba. Shi ya sa Ingila ta buɗe kotunanta. Sai dai ɗan jarida yana sauraron ɓangarori biyu kuma an ɗaure shi da sharaɗin ɓoye sunan yaro. Mai bidiyo ɓangare ɗaya ne a rigimar. Dokar Ingila ta 1960 ta hana kowa wallafa abin da aka tattauna a asirce a shari'ar yara, amma kafin a gurfanar da wanda ya karya ta an riga an sauke bidiyon a wayoyi da yawa.

Illar ba ta tsaya a kan lauya ba. Barazanar bidiyo ta zama makami a teburin sulhu, inda mai yawan mabiya ke samun abin da hujjarsa ba za ta ba shi ba. Ƙaramin ofishi da ke rayuwa da masu nemansa ta Google zai yi tunani sau biyu kafin ya karɓi shari'ar matar da mijinta ke da baki a intanet, kuma irin wannan matar ce ta fi buƙatar lauya. Sai yaran. Yaron da aka yi rigimar riƙonsa yana ɗan shekara shida zai kai sha huɗu, 'yan ajinsu su nemo masa bidiyon da mahaifinsa ke zagin mahaifiyarsa.

Su ma lauyoyin ba su kuɓuta daga laifi ba. Da yawansu sun buɗe shafukan TikTok suna ba da labarin sakin da suka gani, suna cewa sun sauya suna. A ƙaramin gari sauya suna ba ya ɓoye kowa, tunda maƙwabta sun san wanda ya saki matarsa a kan kare ko a kan saƙon waya. Lauyan da ya mayar da sirrin gidajen mutane abin jan mabiya ya rasa bakin ƙorafi ran da aka juya masa kyamara.

Wannan batu bai yi nisa da mu ba. Dokar ɗa'ar aikin lauya ta Najeriya, a sashe na 19, ta ɗora wa lauya irin wannan nauyi na riƙe sirri, kuma rigimar aure ta daɗe da hawa Facebook da TikTok a Kano da Kaduna. Lauyan da ke bin shari'ar kul'i ko riƙon yara a kotun Musulunci yana cikin tarko iri ɗaya da takwaransa na Las Vegas, ga kuma dangi da maƙwabta da za su gane kowa a bidiyon nan take.

Abin da ke aiki ba shi da armashi, kuma kafin bidiyo ake yin sa. Yawancin ƙorafin da ke fitowa daga waɗanda lauya ya kare da kansa a kan abu biyu ne, kuɗin da ba a fayyace ba da wayar da ba a ɗauka. Yarjejeniyar kuɗi a rubuce, da gaya wa mutum gaskiyar abin da zai iya samu tun ranar farko, da mayar da kira, suna kashe rabin fitinar tun ba ta tashi ba. Idan bidiyon ya fito, ofishi ya adana kwafinsa, ya hana ma'aikatansa shiga sharhi, ya rubuta jimla ɗaya cewa amanar aiki ta hana shi tattauna kowace shari'a a fili. Idan an nuna yaro ko takardar sirri, alƙalin da ke riƙe da shari'ar za a kai wa, domin shi ke da ikon ba da umarni. Ƙarar ɓata suna a bar ta sai inda aka yi ƙaryar da takarda za ta rushe. Ofishin da ya bi wannan hanya zai yi asarar wasu masu nemansa na ɗan lokaci, kuma babu kamfanin da zai iya hana hakan. Wanda ya buɗe fayil don ya wanke kansa kuwa lasisinsa ya sa a caca, kuma alƙalai da sauran lauyoyin da ke turo masa aiki suna kallo.