Gargaɗi ga masu dron: kada a tashi alhali kamfas na ƙarya

Duk mai ɗaukar hoton biki, hawan Sallah ko gona da jirgi maras matuƙi, wato dron, ya saurara: in wayarka ta nuna matsalar kamfas, kada ka tayar da shi. Ko ango ne ke jira, ya jira.

GPS inda dron yake kawai yake gaya masa. Inda hancinsa ya dosa kuwa aikin kamfas ne, shi kuma maganaɗisun ƙasa yake bi, wanda ƙarfinsa tsakanin maikirotesla 25 zuwa 65 ne kacal. Abu kaɗan ke ruɗa shi: rodin da ke binne cikin siminti, saman mota, ƙofar ƙarfe, taransifoma. A wurin biki ga manyan sifiku, kowace da mayen ƙarfe a cikinta.

Rodi ya fi cutar mutane domin ba a ganinsa. Ka aje dron a saman bene ko kan gada, fili fes, kamfas ya ɗauki gabas a matsayin arewa, wani lokaci ko gargaɗi wayar ba ta bayarwa. Da ya yi sama ya rabu da ƙarfen, sai lissafinsa ya rikice. Iska ta ɗan ture shi, ya nemi gyarawa, ya gyara ta inda ba nan ba, ya shiga kewayawa, da'irar tana ƙara faɗi. Dron na kamfanin DJI kan saki GPS ya koma yanayin ATTI, wato tuƙi ba GPS, iska ta yi gaba da shi. A wannan hali maɓallin komawa gida ba abin dogaro ba ne, ga jama'a a ƙasa, ga farfela na yanka.

Kafin tashi, dubi kibiyar dron a taswirar wayarka. In hancinsa na kallon gabas kibiya na nuna wani wuri, ɗauke shi ka koma kan ƙasa zalla, nesa da gini da motoci, ka kashe ka kunna. Kada ka saita kamfas a wurin da ya ruɗe, kuskuren za ka dasa masa. In saitin ya zama dole, a buɗaɗɗen fili za a yi, ba makullai a hannu ba agogo.

In dron ya tashi, tsayar da shi mita 2 ko 3 na rabin minti. Ka ga ya fara kewaye ko jan gefe, sauke shi nan take.