Amsoshin Takardunku: Takunkumi, Sulhu Ko Kifar Da Gwamnati?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, Kano. Ya ce: idan manyan ƙasashe suka saɓa da wata gwamnati, me ya fi, a zauna da ita, ko a sa mata takunkumi, ko kuwa a kifar da ita?

To Malam, mu ɗauki Libiya, domin dukkan hanyoyin ukun an gwada su a kanta.

A watan Disamba 1988 bam ya tarwatsa wani jirgin saman Amurka a kan garin Lokabi na Sukotlan, mutum 270 suka mutu. Amurka da Ingila suka zargi wasu 'yan Libiya biyu, Kanar Gaddafi ya ƙi miƙa su. A 1992 sai Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa ƙasar takunkumi: ba jirgin sama da zai shiga ko ya fita, ba kuma sayar mata da makamai. Talaka ya ji jiki, don marar lafiya mai neman magani a waje sai ya bi mota zuwa Tunusiya ko Masar. Shi kuwa Gaddafi yana nan daram, har ma ya keta dokar a 1997 ya hau jirgi ya zo Yamai da Kano.

Daga baya aka koma ga zama. Nelson Mandela da Saudiyya suka shiga tsakani, aka yarda a yi shari'ar a ƙasar Holan. A watan Afrilu 1999 Libiya ta miƙa mutanen biyu, nan take aka dakatar da takunkumin. A 2003 ta amince ta biya iyalan mamatan diyyar dala biliyan 2.7, ta kuma watsar da shirinta na ƙera makaman ƙare dangi. Ka ga ke nan takunkumin ya yi aiki ne saboda an faɗi abu ɗaya da ake so, an kuma bar ƙofar fita. Kamar ciniki ne: wanda ka ƙi sayar masa, dole ya san farashin da zai biya ka saki kaya.

Sai kuma 2011, lokacin da tawaye ya ɓarke. Jiragen ƙungiyar NATO suka mara wa 'yan tawaye baya, aka kashe Gaddafi a garin Sirte ran 20 ga Oktoba. Masu goyon bayan wannan mataki sun ce da ba a yi haka ba, da sojojinsa sun yi wa mutanen Bengazi kisan kiyashi. Wannan hujja ce mai nauyi. To amma dubi abin da ya biyo baya. Rumbunan makamai suka zama ba mai tsaro, bindigogi suka bazu cikin Sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye. Dubban 'yan Nijar da Cadi da Nijeriya masu ci-rani a can suka dawo gida hannu rabbana. Tun 2014 ƙasar ta rabu tsakanin masu iko da Turabulus da na gabas. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Saboda haka Malam, kifar da shugaba shi ya fi sauri, amma wanda bai tanadi abin da zai maye gurbinsa ba, maƙwabta ke biyan kuɗin. Sulhun Lokabi ya ci shekaru bakwai ana ja-in-ja, ya kuma kawo abin da ake nema ba tare da an rusa ƙasa ba.

Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku a mako mai zuwa.