Labarin Ma'aikacin Ɗakin Gwaji Da Harafi Guda Na Cikin Jini

Ku sani a shekarar 2024 aka kafa doka a Jihar Kano cewa kada a ɗaura aure sai an gwada jinin ango da na amarya. Cikin abin da a ke dubawa har da amosanin jini, wanda yaran zamani ke ce wa sikila. To, yanzu waliyyi ya kan karɓi 'yar takarda mai harafi biyu, ko AA, ko AS, ko SS. A kanta a ke yanka sadaki, a kanta kuma a ke mai da kayan toshi. Mutane su kan ce likita ne ya faɗa, alhali galibi likita bai ko ga jinin ba. Wanda ya gan shi wani ma'aikaci ne can cikin ɗakin gwaji, da farar riga da safar hannu, ba mai gaishe shi a wurin ɗaurin aure. Aikinsa na ke so in bayyana muku, shi da 'yan'uwansa waɗanda ke yi wa shaihunan kimiyya hidima a ɗakunan bincike na manyan makarantu.

Da fari, sai mu san abin da su ke karantawa. An gina jikin mutum da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani siririn zare a nannaɗe, shi ne zaren gado, wanda ku ke ji a rediyo ana ce masa DNA. An naɗe shi kwarkwaro 46, watau 23 daga uba, 23 daga uwa. Da masana suka duba sai suka tarar wasu sinadarai huɗu ne jere, suna ta maimaituwa, suka ba kowanne harafi: A, da C, da G, da T. Abin da mutum ya gada daga wajen uba kaɗai ya kai harafi miliyan dubu uku, haka kuma na wajen uwa.

Duk wanda ya taɓa riƙe alƙalami da tawada ya san abin da ɗigo guda ke yi. A rubutunmu, fa ɗigonta a ƙasa ya ke, ƙaf kuwa a bisa. Ka yi nufin rubuta fari, ɗigo ya hau sama, sai a karanta ƙari. Amosanin jini haka ya ke. A kwarkwaro na 11, inda aka tsara yadda jiki zai haɗa jan sinadarin nan mai ɗaukar iska cikin jini, akwai wata kalma GAG. Ga waɗansu mutane harafin tsakiya ya juya, kalmar ta zama GTG. Wanda ya gaji wannan ta wajen uba da uwa duka, ƙwayoyin jininsa su kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi ya ke zuwa, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da ƙarancin jini. Wani likita a Shikago ta Amurka, Jemis Harik, shi ya fara bayyana siffar laujen a 1910, sa'an nan a 1956 da 1957 Banon Ingiram ya gano a Kambirij ta Ingila daidai inda sinadarin ya sauya.

A Nijeriya kimanin mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da juyayyen harafin ta gefe guda, shi ne AS, kuma lafiyarsa lau. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ku lura, kowane ciki na ce. Mutane da yawa sun ɗauka in ɗa guda ya zo da ciwon, uku na bayansa sun kuɓuta. Ba haka lissafin ya ke ba, kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce.

To, ƙaƙa ma'aikacin nan ke isa ga harafi guda cikin wannan tarin? In an kawo masa jini, jajayen ƙwayoyi ba su da amfani gare shi, gama ba su ɗauke da zaren, sai farare. Ya fasa su da wani irin sabulu, ya sa gishiri, ya ɗora kwalbar a kan injin da ke juyi kamar mazari sau dubbai a minti guda, ya zuba sifirit mai sanyi. Sai zaren ya taru fari, kamar ɗan ɓurɓushin auduga. Duk awon nan da wani bututu mai siffar alƙalami ya ke yinsa. Ɗigon ruwa guda daidai ya ke da mudunsa wajen hamsin, shi kuwa sau da yawa ɗaya ko biyu ya ke aunawa. Kowane awo kuma sai ya jefar da bakin bututun ya sa sabo, ko da sau ɗari ne a yini.

Sa'an nan sai aikin ninki, wanda su ke taƙaita sunansa da PCR. A ɗumama zaren har digiri 95, kusa da tafasa, ya rabu biyu. A sassauta zafi, waɗansu guntayen zare su kama gefen wurin da a ke nema. A mai da zafi 72, wani sinadari mai kwafi ya rubuta wa kowane ɓari abokinsa. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. In an kewaya sau 30, lissafi ya wuce miliyan dubu. Daga nan a zuba wani sinadari mai yanka zaren a inda ya tarar da GAG da maƙwabtanta, in kuwa GTG ya tarar sai ya wuce. A ɗiga abin a kan wani daskararren abu mai kama da kafa, a sa masa lantarki, gajerun guntaye su riga dogaye tafiya. Mai AA gajeru kaɗai zai nuna, mai SS dogo, mai AS duka biyu.

Asalin wannan dabara akwai abin lura cikinsa. Kari Mulis, ma'aikacin kamfanin Cetus a Kalifoniya, shi tunanin ya zo wa a 1983. Amma gwajinsa na fari bai gamsar da abokan aikinsa ba, sai kamfani ya ɗora aikin a kan waɗansu, cikinsu har da wani ma'aikacin hannu, Randal Saiki. A lokacin babu injin da ke sauya zafi da kansa. Da hannu a ke ɗauke kwalabe daga wannan tukunyar ruwa zuwa waccan, kuma da ya ke zafi yana kashe sinadarin kwafin, kowane kewaye sai an buɗe an ƙara sabo. Watanni suka yi a haka har abin ya tabbata. Takardar farko da ta fita a kan dabarar, a watan Disamba 1985, sunan Saiki ne a gaba, kuma ciwon da suka gwada ta a kansa shi ne wannan amosanin jini namu. A 1988 suka bayyana yadda suka sauya sinadarin da wani mai jure zafi, wanda aka samo daga ƙwayoyin da ke rayuwa cikin maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yalosuton. A 1993 aka ba Mulis lambar Nobel. A ganina ya cancance ta, sai dai da tunanin ya tsaya a bakinsa, da ba uban amarya ko ɗaya da ya amfana da shi.

Ƙarfin dabarar kuwa shi ne haɗarinta. Abin da ke mai da ƙwaya ɗaya miliyan dubu ba ya tambayar ta wane ne. In ɗan feshin jinin wani ya faɗa kwalba, ko ragowar aikin jiya ta maƙale a safar hannu, shi ma ninka shi za a yi, a karanta wa Audu abin da ke na Tanko. Saboda haka ma'aikacin kirki ba ya gwada jini shi kaɗai. Ya kan jera kwalba mai ruwa zalla, da wadda aka riga aka san AA ce, da wadda aka san SS ce. In ruwa zalla ya nuna alama, ko sananniyar ta saɓa, aikin ranar duka ya ɓaci, sai a zubar a sake, ko da maigidansa na jiran amsa. Masu rubutun littattafai sun san irin wannan, gama ba a sakin kwafi sai an bi shi layi layi da asali. Yana kuma da littafin aiki, inda ya ke rubuta ranar, da lambar kowace kwalba, da awon da ya yi, har da wanda ya lalace. Ga wahalar wuta. Akwai kayan da sai a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri su ke zama, waɗansu 80. In aka ɗauke lantarki da dare, injin bai tashi ba, aikin shekara na iya narkewa kafin asuba.

Sauran magana ɗaya ga waliyyai. Gwajin da a ke yi kullum a asibitocinmu galibi jan sinadarin jinin a ke dubawa a kan lantarki, ba a kai ga zaren kansa, domin ya fi araha da sauri. Yana da kyau in an yi shi bisa ƙa'ida, da jinin shaida a gefe. Amma wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce, gwajin na iya karanta jinin wanda ya ba shi, don haka lalle ne ya faɗa kafin a ɗiba. Akwai kuma wani harafi, C, wanda in ya haɗu da S shi ma yana kawo ciwo. In takardu biyu daga wurare biyu suka saɓa, kada a zaɓi wadda ta yi wa rai daɗi. A koma babban asibiti a sake, mai jinin ya tsaya ya ga an rubuta sunansa a jikin kwalbar a gabansa. In har shakka ta saura, sai a nemi gwajin zaren gado, gama ƙarin jini ba ya ruɗa shi kamar wancan.