TAURA BIYU: AIKIN LAUYA DA AIKIN SOJAN KO-TA-KWANA

Bayani domin Hakimai da Malaman Ofis na ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Duk da haka akwai ƙasashen da mutum guda yake lauya a babban ofishin lauyoyi, kuma yake soja mai jiran kira. An tsara wannan bayani don a nuna yadda hakan ke yiwuwa, da darasin da ke ciki ga masu riƙon jama'a.

MENE NE SOJAN KO-TA-KWANA?

Shi ne mutumin da ya koyi aikin soja, amma ba a bariki yake zaune ba. Yana gidansa, yana sana'arsa, sai ran da aka bukace shi a kira shi. Iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ya gama wa'adinsa na soja aka sallame shi bisa sharaɗin ana iya komo da shi. Dokar sojan Nijeriya ta tanadi wannan. Na biyu shi ne farar hula wanda ya ba da kansa, yana zuwa horo lokaci-lokaci. A Amurka akan yi horon kwana biyu kowane wata, da mako biyu kowace shekara. A Ingila an kafa irin wannan runduna a 1908, kuma lauyoyin Landan sun daɗe da ƙungiyarsu a cikinta. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, ƙungiyar nan ta horar da hafsoshi fiye da 11,000.

ABIN DA ƘASAR NAN TA GANI

Barin sana'a saboda kiran soja ba baƙon abu ba ne a arewacin Zamfara. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya zama hanyar mutanen Jangeru da Shinkafi da Zurmi zuwa Zariya, inda barikin koyon soja yake. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ta hannun En'e da hakimai aka nemi samari. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi a Bama.

Wahala ta biyu ba ta bayyana ba sai da aka komo. Wanda ya bar gona ya tarar da gonarsa, in dangi sun riƙe amana. Amma wanda ya bar aikin albashi, sau da yawa ya tarar wani ya zauna a kujerarsa. Saboda haka a 1945 Gwamnati ta yi doka wadda ta sa masu ɗaukar ma'aikata su ba tsofaffin soja wani kaso na guraben aiki. Duk da dokar, da yawa sun yi ta yawo da takardar sallama ba su sami abin yi ba, domin an yi tunanin komowarsu ne bayan sun riga sun tafi.

INDA AYYUKAN BIYU KE KARO

Aikin lauya ya fi yawancin ayyuka ƙin jira, saboda dalili uku.

1. Ranar shari'a alƙali ne ke sa ta. In lauya bai zo ba, kuma ba a nemi ɗagawa tun da wuri ba, wanda ya ɗauke shi ne zai cutu, watakila ma ya ci gaba da zama a tsare.

2. Manyan ofisoshin lauyoyi na Amurka da awa suke auna ƙwazo. Da yawa suna neman kimanin awa 2,000 a shekara wadda za a biya kuɗinta. Wanda ya tafi wata shida, lissafinsa zai kasa na tsararsa, girma kuwa da lissafin ake ba da shi.

3. Lauya ma'ajin asiri ne. Ba ya halatta ya tafi da takardun mutane sansani, ba ya kuma halatta ya bar su a aljihun tebur ba mai duba su.

YADDA AKA WARWARE

A Amurka dokar 1994 ta wajabta wa sojan ya sanar da ofishinsa kafin ya tafi. Ofishin kuwa tilas ya mayar da shi, ba a inda ya bari kaɗai ba, har a matsayin da zai kai da bai tafi ba, muddin jimlar rashinsa ba ta wuce shekara 5 ba. Wanda ya yi kwana 31 zuwa 180 yana da kwana 14 ya nemi komawa. Wanda ya wuce haka yana da kwana 90. Ingila ma ta yi tata dokar a 1985.

Amma doka kujera kawai take tsarewa, ba ta tsare shari'ar da aka bari. Wannan sai shiri. Lauya mai hankali yakan ba shugabansa ranakun horo na shekara tun farkonta. Kowace shari'a yakan sa mata na biyu wanda ya san ta ciki da bai. Yakan rubuta takardar miƙa aiki, ya kuma gaya wa masu shari'ar da bakinsa wanda zai tsaya musu.

ABIN DA YA SHAFI HAKIMAI

Rashin zaman lafiya ya sake jawo masu sana'a cikin aikin tsaro. A 2024 Gwamnatin Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa, waɗanda ba soja ba ne, amma su ma sun bar abin yi a gida. Saboda haka ana jawo hankalin Hakimai da malamansu ga abu huɗu.

1. Duk wanda ya zo neman takardar shaida don shiga aikin tsaro, a rubuta sana'arsa da sunan wanda yake yi wa aiki.

2. In ma'aikaci ne, ko na kotu ko na ofis, a shawarce shi ya sami izni a rubuce, mai faɗin ranar tafiya da matsayinsa in ya komo. Alkawarin baka yakan bi wanda ya yi shi in an yi masa canji.

3. In yana da ƙara a gaban alƙali, ko amanar wani a hannunsa, ya naɗa wakili a gaban shaidu.

4. Gonarsa da gidansa a shigar da su littafi, da sunan mai riƙo.

Mutumin da ya san iyalinsa da aikinsa suna hannu nagari, shi ne ke tsayawa a bakin daga da zuciya ɗaya. Takardar da ba a rubuta kafin tafiya ba, ba ta rubutuwa bayan komowa sai da gardama.