Duba-garin da Ke Tafe da Ƙafa a Lungunan Aliero

Matafiyin da ya ratsa Aliero a mota kan titin Sakkwato zuwa Jega, abin da zai ba da labari bai wuce buhunan albasa jibge a bakin hanya ba. Ainihin garin yana cikin lunguna, kuma ƙafa ce ke kai mutum can. Ɗan tattakin nan da magidanci ke yi kullum daga gida zuwa masallaci, ko zuwa fadama, in an yi shi da hankali a jiki, zai iya ɗauke kaso mai tsoka na aikin da duba-gari ke yi a zamanin En'e. Matsalar ita ce, ido a buɗe ba shi ne gani ba. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun sa mutane ƙirga jifan ƙwallo a wani bidiyo. Ana cikin haka wani ya ratsa fili sanye da rigar goggon biri, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Ƙwaƙwalwa abin da ta sa a gaba kaɗai take ɗauka, kuma hanyar da aka saba bi ita ce aka fi makancewa a kanta, balle ga waya a hannu.

To, me ake so a gani? Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa da aka yi a 2021 ya nuna jiharmu ta Kebbi ce kan gaba, inda kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada ke ɗauke da ƙwayar cutar. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara allurar riga-kafin cutar daga Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Yawancinmu kwata mai wari muke zargi, alhali sauron da ke yaɗa zazzaɓin ya fi son ruwa marar zurfi, mai ɗan haske, wanda rana ke duka: sawun tayar mota bayan ruwan sama, sawun kofaton shanu, ramin da aka ɗebi ƙasar tubali, ruwan da ke kwanciya gindin famfo. Mutum ya tsuguna ya duba da kyau. Tsutsar wannan sauro kwance take shimfiɗe a ƙarƙashin fatar ruwa, ta sauron kwata kuwa rataye take kai a ƙasa, in inuwa ta gifta sai su mimmiƙe su nutse. Da zafi irin namu, kwana 10 ko ƙasa da haka sun ishi ƙwai ya zama sauro mai fiffike. Ke nan duk ruwan da ya yi Juma'a biyu a wuri guda ya isa ya yaye 'ya'ya. Shebur biyu na ƙasa sun isa su kashe maganar.

Manomin Aliero ba baƙon wannan tarbiyya ba ne. Da ya doshi rudun albasarsa, hancinsa ke fara gaya masa ko ruɓa ta shiga, sai ya latsa wuyan albasa ɗaya ya ji ko ya yi laushi. Wannan lurar ce nake ganin ya kamata ta fito daga gona ta shigo unguwa.

Wani zai ce ai wannan sa-ido ne, kuma Bahaushe ya tsani ɗan sa-ido. Gaskiya ne, amma ba zauren kowa aka ce a leƙa ba. Lungu, magudanar ruwa, bakin rijiya da wayar lantarkin da ta sauko, duk na jama'a ne, kuma ɗan maƙwabci ne zai fara kwanciya in an kau da kai. Wani kuma zai ce aikin ƙaramar hukuma ne, don me talaka zai ɗora wa kansa? Wannan ƙorafi ya fi nauyi, domin ido ba ya gina kwalbati, tattaki kuma ba ya biyan ma'aikatan tsafta, kuma bai kamata lurar jama'a ta zama mafakar hukumar da ta yi sakaci ba. Sai dai ma'aikacin da ke ofis a Aliero, ko Jega, ko Maiyama, ba zai san wane rami ne ya cika a makon nan ba. Koken da aka kai wa mai unguwa da sunan lungu, da ranar da ruwan ya fara kwanciya, da adadin gidajen da ke kewaye, ya fi wuyar turewa gefe a kan cewa kawai sauro ya dame mu.