Jujin gida, abincin gona: yadda ake haɗa taki a ƙasar Dungas

A ƙasar Dungas, wadda aka cire daga Magarya aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, jama'a sun yi yawa, gonaki kuma sun ƙanƙance. A da manomi yakan bar gona ta huta shekara da shekaru. Yau gonar da uba ya bari 'ya'ya ke rabawa, kowa da ɗan yankinsa, ana shuka ta kowace damina. Jigawa ce, ba ta riƙe ƙarfi, kuma da ta gaji sai ƙuduji ya bayyana, ya shanye hatsi tun daga saiwa.

Takin zamani yana da amfani, amma da kuɗi ake samunsa. Rufe iyaka da Nijeriya ta yi a 2019, da tsadar da ta biyo bayan yaƙin Yukiren a 2022, sun nuna wa talaka cewa buhun da ke zuwa daga nesa ba abin dogaro ba ne. Shi ya sa ido ya koma kan juji.

Ba sabon abu ba ne. Tun zamanin kakanni jakuna ke ɗaukar sharar birnin Kano a mangala zuwa gonakin karkara. Abin da malaman gona suka ƙara shi ne rami. Ana haƙa shi a inuwa, bayan gida, zurfinsa kamar mita 1. A shimfiɗa kara da ƙaiƙayi, a bi da kashin awaki ko na kaji, a zuba ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida, a barbaɗa tokar murhu kaɗan, a yayyafa ruwa, sannan a sake jerawa har ramin ya cika. Bayan kowane mako 2 a juya shi. Idan an soka sanda an zaro ta da zafi, aiki yana tafiya, domin zafin nan ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ɗanyen kashin dabba ke kaiwa gona. Cikin wata 2 zuwa 3 taki ya nuna, ya yi baƙi, warinsa ya tafi.

Ragowar madafa kuwa ba kasafai take isa rami kai tsaye ba. Dusa da ƙanzo da ɓawon rogo, akuyar uwargida ce ke da haƙƙin farko a kansu, sai ta gama nata aikin rami ya karɓa.

Mata ne suka fi cin moriyar wannan taki. Kwarya ɗaya a gindin zogale, wata a gindin kabewa da kuɓewa da yakuwa a jikin darni, ga ruwan wankin hatsi, miya ta samu ba tare da an je kasuwa ba. Maza kuma suna kai nasu kwari, inda ruwa ke kusa, wurin rake da tumatir da albasa, aikin da ya bunƙasa tun da Shugaba Seyni Kunce ya yi kira ga noman rani bayan farin 1984.

Babbar matsala ita ce leda. Doka ta hana ta a Nijar tun 2014, amma har yanzu tana cika juji, ba ta ruɓewa, tana kashe awakin da suka haɗiye ta. Ita da tsohon batir da fasasshen kwalba, wajibi ne a tsince su kafin a zuba shara a rami.